"Baba, da abu mai wuya ya ce ka yi fa?" Nazari a kan lamarin Na'aman

Duk wanda ya taso a coci ya san labarin Na'aman tun makarantar Lahadi, wanda ke 2 Sarakuna sura 5. Mu har wasan kwaikwayo mun yi da shi muna yara, a shafa wa yaro ɗaya toka a fuska da hannu wai shi ne kuturun, a shimfiɗa shuɗin zanen wata mama a ƙasa wai kogi, ya dinga durƙusawa yana tashi mu kuma muna ƙirga mishi da ƙarfi har bakwai, sai a goge tokar da tsumma a tafa a tashi. A lokacin abin da muka ɗauka kenan, Allah ya warkar da kuturu. Sai da na girma aka fara ba ni ɗan muƙami a ikilisiya, yara suka fara rusunawa in za su gaishe ni, sannan na koma na karanta surar a hankali na lura da wani abu da ya tsaya min a rai har yau. Sau uku aka faɗa wa mutumin nan abin da zai cece shi, kuma duka ukun daga bakin na ƙasa da shi maganar ta fito: baiwar gidansa, ɗan aike, sai barorinsa. Manyan da ke cikin labarin kuwa, sarakuna biyu, babu wanda ya tsinana mishi komai.

Bari mu fara da shi kanshi. Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, wato ƙasar Aram mai hedikwata a Dimashƙu, abin ya faru wajen shekara 850 kafin haihuwar Almasihu a zamanin annabi Elisha. Tsakanin Suriya da Isra'ila a lokacin yau yaƙi gobe sulhu ne, sarki Ahab ma a hannun sojojin Suriya ya mutu a Ramot Gileyad. To Na'aman ba wani baƙo mai neman albarka ba ne, babban janar ne na abokan gaba. Aya ta farko ta jera kirarinsa, babban mutum a gaban ubangidansa, mai daraja, jarumi, har ta ce ta hannunsa Ubangiji ya ba Suriya nasara, sannan ta rufe da cewa amma kuturu ne.

Kalmar da aka fassara kuturta a Ibrananci ta haɗa cututtukan fata iri-iri, ba lallai sai irin wadda ke cin yatsu da muka sani ba, wadda wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayarta a 1873. Amma kunyar dai ɗaya ce. A Isra'ila dokar Littafin Firistoci sura 13 ta ce mai ita ya zauna bayan zango shi kaɗai. Mu nan ƙasar Hausa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yanda ake janye ƙwarya in kuturu ya miƙo hannu. Asibitocin kutare da mishan suka fara riƙewa wajen 1937, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da na Kano, shi na Kanon sunan wurin ma Yadakunya, kuma ni ban taɓa jin sunan da ya dace da wannan labarin kamarsa ba. Yau maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko wata 12 mutum ya sha ya rabu da ita, amma har yanzu akwai masu ɓoye tabo a ƙarƙashin riga sai jijiya ta mutu tukunna su fito, don kar a gan su a layi. Na'aman ma haka yake yawo, sulke a waje tabo a ciki.

Sai yarinyar. Mahara daga Suriya sun kai hari ƙasar Isra'ila suka kamo ta tana ƙarama, ta zama mai yi wa matar Na'aman hidima. Ba a faɗi sunanta ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Chibok a 2014 da abin da ke faruwa a ƙauyukanmu har yau, mun san me ake nufi in aka ce an kamo yarinya daga gidan ubanta. Tana da duk dalilin da za ta ja bakinta ta yi shiru, ta ce alhakinta ne ke bin shi. Amma ta ce wa uwargijiyarta da ma maigida zai je wurin annabin da ke Samariya, ai da ya warkar da shi. Magana ɗaya tak, ita ma ba ga shi kai tsaye ba, don ba ta isa ba.

A nan fa dole a ba Na'aman haƙƙinsa. Maganar ta bi ta bakin matarsa ta iso shi, bai ce ke rabu da shirmen yara ba, bai ce yaushe baiwa ta san magani ba. Ya ɗauki maganar sukutum ya kai fada ya ce wa sarki ga abin da yarinyar nan ta ƙasar Isra'ila ta ce. Ka yi tunanin janar a gaban sarki da fadawa yana kafa hujja da maganar 'yar aikin gidansa. Wani zai ce ai ciwo ne ya matsa mishi, wanda ruwa ya ci ko takobi ka miƙa mishi kamawa zai yi. Na yarda, da wannan a ciki. Amma na san mutane da yawa da ciwo ya matsa musu fiye da haka kuma suka gwammace su mutu da su ce ƙaramin gida ne ya nuna musu hanya.

Sai dai ji ɗin nasa rabi ne. Yarinya ta ce annabi, su kuma manya da suka zauna sai suka mai da abin harkar sarki da sarki. Sarkin Suriya ya rubuta wa sarkin Isra'ila takarda cewa ga bawana Na'aman na aiko maka ka warkar da shi, ko ambaton annabin babu a ciki. Aka ɗora kaya: azurfa talanti 10, zinariya shekel 6,000, riguna na ado 10. A ma'aunin yau azurfar ta kai wajen kilo 340, zinariyar kuma kusan kilo 70. In kana so ka gane nauyin kuɗin, duba 1 Sarakuna 16:24, tudun da aka gina birnin Samariya a kai gaba ɗayansa talanti 2 na azurfa sarki Omri ya saye shi. Wato mutumin nan ya taho da kuɗin sayen filin babban birnin Isra'ila har sau biyar, ban da zinariya. Ya ji shawarar, amma ya sake mata riga ta dace da girmansa. Mu ma haka muke yi, a ce maka je ka nemi gafarar ɗan'uwanka sai ka aika mishi da buhun shinkafa ta hannun direba.

Tafiyar fiye da kilomita 150 ce daga Dimashƙu zuwa Samariya. Da sarkin Isra'ila ya karanta takardar sai ya yage rigarsa, ya ce ni Allah ne da zan kashe in rayar, ku dai duba mutumin nan tsokana yake nema. Abin tausayi, annabin yana cikin garinsa amma bai ko faɗo mishi a rai ba, abin da baiwa a ƙasar waje ta sani shi sarki a gida bai sani ba. Elisha ne ya aika ya ce a turo mishi shi.

To yanzu muka zo wurin da nake so mu daɗe. Na'aman ya iso da dawakansa da karusansa ya tsaya a ƙofar gidan Elisha. Ka san yanda unguwa ke yi in jerin motocin babban mutum suka shigo lungu, yara sun taru, mata na leƙe ta katanga, kowa na jira maigida ya fito da sauri yana gyara hula. Elisha bai fito ba. Ɗan aike ya turo da magana gajeriya: je ka yi wanka a Urdun sau bakwai, naman jikinka zai dawo ka tsarkaka. Ba sannu da zuwa, ba ruwan sha.

Ransa ya ɓaci ya juya. Kuma abin da ya faɗa cikin fushin shi ne ya tona asalin ciwon. Ya ce ai ni na ɗauka zai fito da kanshi, ya tsaya ya kira sunan Ubangiji Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan wurin ya warkar da ni. "Na ɗauka." Tun daga gida ya riga ya tsara wa Allah yanda zai yi aikin, wa zai fito, ina zai tsaya, me zai yi da hannunsa. Bai zo neman a faɗa mishi ba, ya zo ne a sa hannu a kan abin da ya riga ya yanke. Ni kam na sha zama da mutane a ofishin coci sun ce sun zo neman shawara a kan aure ko kasuwanci ko rikicin gado, kana fara magana ka ga fuska ta canza, ashe amin kawai suka zo karɓa. Wasu in fasto bai faɗi abin da suke so ba sai su zaga wurin wani, da wani, har su samu wanda zai ce musu e, sannan su dawo su ce Ubangiji ya tabbatar.

Sai ya ƙara da maganar koguna, ya ce Abana da Farfar na Dimashƙu ba su fi duk ruwayen Isra'ila ba? Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne gaskiya ya faɗa. Abana shi ne kogin da ake kira Barada yau, daga duwatsu yake gangarowa da sanyinsa, shi ya mai da Dimashƙu dausayi a bakin hamada. Urdun kuwa a can ƙasa ruwa ne mai laka, jaja-jaja, ba wani faɗin kirki. In wanka ake nema na fita datti, kowa zai zaɓi Abana. Hujjarsa ba ta da makusa, kuma da ita zai koma gida da kuturtarsa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a duk surar, don girman kai ba ya zuwa wa mai ilimi tsirara, da hujja mai kyau yake zuwa, har kai kanka ka yarda cewa hankali kake bi.

Ni ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya ina sakataren kwamitin gini a cocinmu, za mu ja katanga mu ƙara ajin yara ta gefen gabas. Akwai wani tsoho mai gadinmu, shi ya noma filin shekaru kafin a saye shi, ranar da ake ja igiya ya matso kusa da ni a hankali da 'yar sandarsa ya nuna wani lungu ya ce, ɗana, nan hanyar ruwa ce fa, in Agusta ta yi nan yake bi. Ina riƙe da zanen gini a hannu, an auna an buga hatimi, na ce mishi Baba kar ka damu masana sun duba. Ya ce to, ya koma kan bencinsa. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, da ladabi na ma yi maganar, amma ko a mitin ban kawo ta ba don a raina na riga na ajiye shi a matsayin mai buɗe ƙofa. Damina ta biyu katangar ta tsage daga sama har ƙasa daidai inda ya sa sandarsa, kuɗin baikon talakawa da na zumuntar mata da suka tara da sayar da ƙosai ya bi ruwa. Da na je na same shi bai ce ai na faɗa maka ba, tashi kawai ya yi ya zaga da ni ya nuna min inda za a haƙa lambatu. Har yau in na wuce wurin sai na ji nauyi a ƙirjina.

Mu koma kan Na'aman. Ya juya cikin hasala, kuma da labarin ya ƙare a nan da ba wanda zai san sunansa yau. Sai barorinsa suka matso kusa da shi suka ce, Baba, da annabin abu mai wuya ya ce ka yi ai da ka yi, balle ya ce maka yi wanka kawai ka tsarkaka?

Kalmar nan Baba haka take a nassin, ubana suka ce. Ba su ce ranka ya daɗe ba, ba su ce mai girma sarkin yaƙi ba. Kuma wannan ya nuna min wani abu game da mutumin da aya ta farko ba ta faɗa ba. Soja ne, yana cikin fushi, a gaban jama'a, a ƙasar abokan gaba, amma yaransa ba su ji tsoron matsowa ba. Irin wannan ba a rana ɗaya ake gina shi ba. Tun a gida ya bar wata 'yar ƙofa a buɗe da na ƙasa ke iya shigowa su faɗa mishi gaskiya kansu bai bar wuyansu ba, shi ya sa baiwa ta iya magana, shi ya sa barori suka iya. Ka gwada shi da Nabal a 1 Sama'ila 25, wanda baransa ya ce wa matarsa Abigel maigidan nan ba wanda ya isa ya yi mishi magana. Shi ma barorinsa sun ga masifar da ke tahowa, sun san mafita, amma sai dai su zaga ta bayan gida. Bambancin mutanen biyu ba wai ɗaya ba ya fushi ba ne, dukansu masu zafi ne. Ɗaya ana iya tarar shi cikin fushin, ɗayan kuwa ba hali.

Shi ya sa ni a ganina in ana maganar tawali'u a coci mun cika duba abin da bai kai ya kawo ba. Muna duba wa ya fi sunkuyar da kai, wa ya fi sanyin murya, wa ke cewa ni ba komai ba ne in an ba shi makirfo. Akwai mai sanyin murya da matarsa ta shekara goma ba ta iya ce mishi wannan ba daidai ba ne. Akwai dattijon ikilisiya da ke share coci da hannunsa amma ranar da matashi ya ce Baba lissafin nan bai cika ba, ya zama marar kunya har abada. Tambayar da ta fi ita ce, wa ke iya tsayar da kai? A gidanka, a shagonka, a kwamitinku, akwai wanda ke ƙasa da kai da zai iya matsowa ya ce Baba, ka kuma tsaya? In ka duba ka ga shekara da shekaru ba wanda ya gyara maka magana, ba wai ka daina kuskure ba ne, mutane ne suka gaji suka koma kan bencinsu kaman mai gadinmu. Karin Magana 12:15 ta ce hanyar wawa daidai take a idonsa amma mai hikima yakan kasa kunne ga shawara, kuma abin lura shi ne shi wawan bai san shi ne ba, daidai yake gani.

Su ma barorin akwai abin koyo a wurinsu, don ba kowace gaskiya ce ke shiga ba in an jefa ta kaman dutse. Ba su ce mishi girman kai ke damunka ba, ko da yake shi ne. Ba su yi gardamar koguna ba, sun bar mishi Abanarsa. Tambaya suka yi, kuma tambayar ta bi ta kan jarumtarsa: mun san ka, da cewa aka yi ka hau dutse da gwiwa ko ka yaƙi gari da ka yi. Da haka suka sa ya ga da kanshi cewa sauƙin abin ne ya ɓata mishi rai, don abu mai wuya in ka yi kana da abin faɗa, wanka kuwa ko yaro ya iya, ba wanda zai yi maka kirari a kai.

Ya ji. Nassin ya ce sai ya gangara, kuma gangarawa ce ta gaske don Samariya a kan tudu take, Urdun kuwa yana can cikin kwari ƙasa da matakin teku ma, tafiyar wajen kilomita 40. Yini guda kenan ko fiye yana da damar sake shawara, kowane mataki zuciya na iya ce mishi kai fa janar ne. Ya isa, ya tuɓe a gaban yaransa, tabon da ya daɗe yana rufewa kowa ya gani, ya shiga ruwan laka. Ya nutsa sau bakwai kaman yanda aka ce, bai rage ba bai ƙara da nasa ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma sai wanda ya durƙusa ya san haka. Ya fito naman jikinsa ya koma kaman na ƙaramin yaro, kuma a Ibrananci kalmomin da aka yi amfani da su a nan, ƙaramin yaro, su ne dai aka kira baiwar da su a farkon surar, ƙaramar yarinya. Babban mutum ya koma irin wadda ta fara nuna mishi hanya. Duk lokacin da na karanta Matiyu 18 inda Yesu ya tsai da yaro a tsakiyar almajirai ya ce sai kun juyo kun zama kamar wannan, Na'aman nake gani yana fitowa daga ruwa.

Daga nan ka duba yanda bakinsa ya canza. Ya hau tudun ya koma wurin Elisha, ba dole, don hanyar gida ba ta nan take ba. Wanda ɗazu ke cewa na ɗauka, yanzu cewa ya yi na sani babu Allah a duk duniya sai a Isra'ila. Daga aya 15 zuwa 18 sau biyar yana kiran kansa bawanka. Ya roƙi Elisha ya karɓi kyauta, Elisha ya rantse ba zai karɓa ba, ya matsa, ya ƙi, shi kuma bai yi fushi ba wannan karon ko da yake mayar wa babban mutum kyautarsa ba ƙaramin abu ba ne. Mai talanti 10 ya koma yana roƙon ƙasa, kayan alfadari biyu, ya kai gida ya yi wa Ubangiji sujada a kai. Har ya kawo damuwarsa da kanshi, ya ce aikina ne in raka sarki haikalin gunkinsa Rimmon yana jingine a hannuna, in ya rusuna dole in rusuna, Ubangiji ya gafarta mini wannan. Ya koyi tambaya. Elisha bai ɗora mishi dogon sharaɗi ba, ya ce ka sauka lafiya.

Amma surar ba ta tsaya nan ba, kuma bai kamata mu tsaya ba, don akwai masu ɗaukar wa'azin biyayya su mai da shi igiyar ɗaure mutane. Gehazi baran Elisha ya ga dukiya za ta wuce, kwaɗayi mabuɗin wahala, ya bi su da gudu. Da Na'aman ya hango shi sai ya sauko daga karusarsa ya tarye shi yana tambaya lafiya? Mutumin da ya yi fushi don an turo mishi ɗan aike, yanzu shi ke saukowa saboda ɗan aike. Gehazi ya shirya ƙarya da sunan ubangidansa, wai baƙi biyu sun zo daga cikin 'ya'yan annabawa a ba su talanti ɗaya da riguna biyu, Na'aman da zuciya ɗaya ya ce haba ɗauki biyu mana. An cuce shi, kuma ta ƙofar tawali'unsa aka shigo.

To kar wani ya ce maka sauraro na nufin duk wanda ya ce Ubangiji ya ce sai ka miƙa wuya. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 an yabe su don sun karɓi maganar Bulus da marmari kuma kullum suna bincika Nassi su ga ko haka ne, duka biyun tare. A cikin labarin nan ma akwai ma'auni a fili. Umarnin da ya fito daga Elisha bai ci wa Na'aman ko sisi ba, girman kansa kawai ya ci, kuma annabin bai ƙaru da komai ba. Saƙon Gehazi kuwa bai taɓa girman kansa ba ko kaɗan, aljihunsa ya nufa. Yau in ka ga mai sayar maka da ruwa ko mai a kwalba yana cewa kar ka yi tambaya ka yi biyayya kawai kaman Na'aman, ka duba da kyau wanne daga cikin mutanen gidan Elisha yake kama da shi. Shawarar da ta fi yi mana amfani yawanci ita ce mai arha da ɗaci, je ka ba matarka haƙuri, mai da kuɗin da ka ci, je asibiti a duba ka, sauka daga kujerar nan ka ba wani.

Gehazi kuwa shekaru yana gidan annabi yana jin magana safe da yamma, ba ta shige shi ba. Elisha ya ba shi dama ya ce daga ina Gehazi, ya ce bawanka bai je ko'ina ba. Ya fita da kuturtar Na'aman a jikinsa fari fat. Kusa da bagade ba ya sa kunne ya buɗe, wani lokaci ma sabo ne ke toshe shi.

Yesu da kanshi ya ɗauko wannan lamarin a majami'ar Nazarat, Luka 4:27, ya ce kutare da yawa ne a Isra'ila a zamanin Elisha amma ba wanda aka tsarkake sai Na'aman mutumin Suriya. Mutanen da yake faɗa wa sun gama cewa wannan ba ɗan Yusufu ba ne, wato mun san shi mun san gidansu, me zai faɗa mana. Da suka ji sai suka tashi suka kai shi bakin dutse za su jefa shi. Shi kuwa da ya faɗi maganar, ba da daɗewa ba kafin nan ya gangara wannan Urdun ɗin dai ya sa kansa a hannun Yohanna, Yohanna na cewa ni ya kamata ka yi wa baftisma, ya ce bari ya zama haka yanzu. Ba shi da tabon da zai wanke, ya shiga layi tare da masu shi.

Kwanakin baya na koyar da surar nan a ajin yara, a ɗakin nan dai da muka sake ginawa. Na gama ina tattara littattafai sai wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, wadda ke zaune wurin wata 'yar'uwarsu tana taya ta aikin gida, ta tsaya sai da kowa ya fita ta ce, Malam, da ya koma gida ya yi wa yarinyar godiya? Na buɗe muka duba tare da yatsa aya bayan aya. Daga aya ta 4 ba a sake ambatonta ba. Ta yi shiru kaɗan sannan ta ce, to ya mai da ita wurin mamarta? Na ce mata zauna, na jawo benci na zauna kusa da ita, na ce faɗa min abin da kike gani ya kamata ya yi.